Dalilin Da Ya Sa Nijeriya Ta Shiga Mulkin Kai Da Tarayyar Jihohi Uku

Ran Asabar 1 ga watan Oktoba 1960, cikin watan Rabi'ul Ahir na shekarar Hijira 1380, aka sauke tutar Ingila a Ikko, aka ɗaga tutar Nijeriya. Ƙasar da aka miƙa wa ragamar kanta ran nan gwamnatoci huɗu gare ta: ta Tarayya a Ikko, ta Jihar Arewa a Kaduna, ta Jihar Yamma a Badun, da ta Jihar Gabas a Inugu. Kowace jiha da Firimiyanta, da majalisarta, da baitulmalinta, da alƙalanta, da tsarin mulkinta a rubuce, har da wakilinta na musamman a birnin London. Mutumin Katsina na wannan zamani yana iya shekara guda bai ji hannun Ikko a jikinsa ba, sai fa in ya hau jirgin ƙasa a Funtuwa, ko ya kai wasiƙa gidan waya. Harajinsa En'e ke karɓa, ƙararsa gaban alƙali take, makarantar ɗansa kuwa tsakanin En'e da Kaduna ake lura da ita.

To, me ya sa shugabannin wancan lokaci suka zaɓi wannan ɗauri mai sako-sako, alhali kuwa Turawa sun riga sun haɗa ƙasar wuri guda tun shekaru arba'in da shida kafin nan? Wannan tambaya ba ta tsufa ba, don har yau gardamar rabon iko da rabon arziki tsakanin Abuja da jihohi ba ta ƙare ba, kuma wanda bai san tushen magana ba ba ya iya raba gardama a kanta.

Ma'anar tarayya da irinta

Malamai sun sani cewa a babin sharika na littattafan fiƙihun Malikiyya an rarrabe tsakanin iri biyu na haɗa dukiya. Akwai mufawada, inda kowane abokin tarayya ya sakar wa ɗan'uwansa hannu, ya saya ya sayar ba tare da ya nemi izni ba. Akwai kuma inani, kalmar da asalinta linzami ne, inda aka sharɗanta cewa babu wanda zai zartar da kome sai da yardar ɗan'uwansa, kamar dai kowa na riƙe da linzamin wani. Haɗuwar ƙasashe ma haka take, wata a sakar wa gwamnatin tsakiya hannu, wata kuwa kowace jiha ta riƙe linzami.

Fatake su ma suna da misalinsu. A zamanin da ayari ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro, kowane falke da jakunansa da hajarsa da baransa, ribarsa tasa ce, faɗuwarsa ma tasa ce. Madugu ba shi da iko ya kwance kayan kowa. Aikinsa shi ne hanya: ya zaɓi zango, ya yi magana da sarakunan garuruwan da za a ratsa, ya tara kuɗin fito a hannun fatake ya biya, ya shirya tsaro in an ji labarin 'yan fashi. Irin wannan haɗuwa, wadda a cikinta na tsakiya bara ne ga jihohi, ita ake kira tarayya mai sako-sako. Wadda ta fi ta ƙarfi kuwa ita ce wadda gwamnatin tsakiya ke da majalisarta da harajinta da sojanta, dokarta na hawa kan kowane mutum kai tsaye, amma duk da haka an keɓe wa jihohi nasu hurumin.

Yadda Amurka ta fara

Ƙasar da aka fi buga misali da ita a wannan sha'ani ita ce Amurka. A 1776 yankuna goma sha uku da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila suka yi shelar sun fita daga hannunsa. Babban abin da ya harzuƙa su shi ne wata majalisa mai nisa, a London, tana ɗora musu haraji alhali ba su da wakili a cikinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Saboda haka da suka zo rubuta yarjejeniyar zamansu tare a 1777, sai suka ƙi yarda su kafa wata hukuma mai ƙarfi a tsakaninsu, don kada su kori sarki na ƙetare su naɗa wani a gida. Yarjejeniyar ba ta fara aiki ba sai 1781, don jihar Maryland ta ƙi sa hannu har sai da manyan jihohi suka haƙura da filayen yamma da suke cewa nasu ne.

A wannan tsari babu shugaban ƙasa mai zartarwa. Kowace jiha, babba ko ƙarama, ƙuri'a ɗaya gare ta a majalisa. Babban al'amari ba ya wucewa sai jihohi tara sun yarda, gyaran yarjejeniyar kuwa sai duka goma sha ukun sun amince. Majalisa ba ta da ikon sa haraji, sai dai ta roƙi jihohi su aiko da kuɗi, su kuwa wani lokaci su aiko, wani lokaci su yi kunnen uwar shegu. Muddin ana yaƙi da Ingila tsoro ya riƙe su tare. Da aka yi sulhu a 1783 sai ɓarakar ta bayyana: an kasa biyan sojan da suka yi yaƙi, an kasa biyan bashi, jihohi suka shiga sa wa kayan juna kuɗin fito. A 1787 suka taru a birnin Filadalfiya suka rubuta sabon tsari mai shugaba da kotun ƙoli da ikon haraji, ya fara aiki a 1789.

Gadon Sakkwato da haɗin 1914

Mutanen ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga zama irin wannan. Bayan jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, an ba shugabannin jama'a tutoci, kowa ya koma ƙasarsa. Malam Ummarun Dallaje na cikin waɗanda suka karɓo tutar Katsina, shi ne kuwa ya zama sarkinta. Daga nan Katsina, da Kano, da Zazzau, da Bauci, da sauransu kowace ta riƙe hakimanta da alƙalanta da baitulmalinta. Abin da ke tsakaninsu da Sakkwato shi ne mubaya'a, da gaisuwar shekara, da taimakon yaƙi in an kira, da tabbatar da sabon sarki in gado ya faɗi. Sarkin Musulmi na iya tuɓe sarki, kamar yadda aka yi wa Sarkin Katsina Siddiƙu a 1844, amma ba ya aiko da nasa masu karɓar haraji kasuwar Katsina.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka iso Katsina cikin wannan shekara, sai suka bar sarakuna a kan gadajensu suna mulki ta hannunsu. Ran 1 ga Janairu 1914 Gwamna Lugga ya haɗa Arewa da Kudu ƙarƙashin gwamna guda, babban dalilinsa kuwa na kuɗi ne da na hanyar jirgi: Kudu na da bakin teku da kuɗin fito, Arewa kuwa baitulmalin Ingila ke cike mata giɓi. Amma haɗin na sama ne kawai. Kowane ɓangare ya ci gaba da nasa Mataimakin Gwamna da nasa tsarin ƙasa da na ilmi. A 1939 aka raba Kudu biyu, Gabas da Yamma. Sai a 1947, bisa tsarin Gwamna Richards, wakilan Arewa suka fara zama majalisa ɗaya da na Kudu. Watau an shekara talatin da uku ana gida ɗaya ba a taɓa cin tuwo a akushi ɗaya ba.

Maganar Sarkin Katsina a Badun

A watan Janairu 1950 aka yi babban taro a Badun don shirya sabon tsarin mulki. A nan wakilan Arewa suka tsaya kai da fata cewa sai an ba jiharsu rabin kujerun majalisar tsakiya, tun da ita ta fi yawan jama'a. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya faɗa ƙarara cewa in ba a yi haka ba Arewa za ta nemi a mayar da ita yadda take kafin 1914, Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo kuwa ya goya masa baya. An biya musu bukata: tsarin Gwamna Macpherson na 1951 ya ba Arewa kujeru 68, Gabas 34, Yamma 34. Ƙidayar da aka yi a 1952 da 1953 ta nuna Arewa na da mutum kusan miliyan 17 cikin miliyan 30 da 'yan kai na ƙasar duka.

Yawan kujeru bai kawar da fargaba ba. Ilmin boko ya riga ya yi nisa a Kudu tun ƙarni na goma sha tara ta hannun mishan, a Arewa kuwa babbar makarantar da ake tinƙaho da ita ita ce Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, kuma ɗalibanta 'yan kaɗan ne kowace shekara. Daga cikinta Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya fito, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da mafi yawan waɗanda suka ja ragamar Arewa. Su kansu sun san cewa akawuna da ma'aikatan reluwe da na gidan waya a biranen Arewa galibinsu mutanen Kudu ne. Suka duba suka ga in Bature ya tashi yau, wanda zai zauna kujerarsa a Kaduna da Katsina ba ɗan Arewa ba ne.

Rikicin 1953 da sharuɗɗa takwas

Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya kawo shawara gaban Majalisar Wakilai a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a ce da zarar hali ya yi. Wakilan AG da na NCNC suka fice daga majalisa, mutanen gari kuma suka yi wa wakilan Arewa ihu da zagi a titi, ana ce musu 'yan koren Turawa. Suka komo gida da ɓacin rai mai tsanani. Bayan makonni kaɗan AG ta shirya aiko da wakilai Kano ƙarƙashin Samuel Akintola, sai faɗa ya ɓarke tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari daga 16 zuwa 19 ga Mayu, daidai farkon watan azumi. Lissafin hukuma ya ce mutum 36 suka mutu, fiye da 200 suka yi rauni.

Cikin wannan wata na Mayu Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Arewa suka amince da wani shiri mai sharuɗɗa takwas. Gundarinsa shi ne kowace jiha ta mallaki ikon yin doka da zartar da ita a kan kome, ban da tsaron ƙasa, da hulɗa da ƙasashen waje, da kuɗin fito, da wuraren bincike na Afirka ta Yamma. Kada a yi majalisar dokoki ta tsakiya, kada a yi majalisar ministoci ta tsakiya. A kafa wata hukuma wadda ba ta siyasa ba, ta zauna a wurin da ba na kowa ba, ta riƙa gudanar da waɗannan abubuwa a madadin jihohi. Reluwe, da tashoshin jiragen ruwa, da jiragen sama, da lantarki, da haƙar kwal, a ba hukumomi na musamman. Kowace jiha ta tara harajinta, ta ɗauki ma'aikatanta, kuɗin fito kuwa a karɓa a bakin teku a miƙa wa jihar da kayan za su. Duk wanda ya gwada wannan da yarjejeniyar Amurka ta 1777 zai ga kamar da wuƙa ɗaya aka yanka su. Madugu ake nema, mai lura da hanya kawai.

Abin da ya hana rabuwa

Mai karatu na iya tambaya, tun da rai ya ɓaci haka, me ya hana a raba gari gaba ɗaya? Amsar tana bakin 'yan kasuwa. Arewa ba ta da teku. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga da kirgi da fata suka zama jinin arzikin ƙasa, kuma ba su da mafita sai ta Ikko ko Fatakwal. Audugar Funtuwa da Malumfashi, da gyaɗar da ake tarawa dala-dala a Kano, duk dogo ɗaya suke bi. Gishiri da kananzir da atamfa ta nan suke hawowa. Goron ƙasar Yarbawa Arewa yake zuwa, shanun Arewa kuma Kudu ake kai su. In aka kafa iyaka a gaɓar Kwara, wanda ke riƙe da tashar jirgin ruwa shi zai yanka wa manomin Katsina farashi.

Sakataren Ingila mai lura da ƙasashen mulkin mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira shugabannin jam'iyyu taro a London cikin Yuli da Agusta 1953, aka ƙarasa a Ikko farkon 1954. Kowa ya zo da nasa nufi. Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zo da sharuɗɗanta takwas. Obafemi Awolowo na son jihohi masu ƙarfi, don Yamma ce mai koko, ita ta fi kowa kuɗi a lokacin, ba ta so a kwashe ribarta a raba. Ya kuma nemi Ikko ta zauna cikin Yamma, har ya nemi a rubuta cewa jiha na da ikon ficewa in ta ga dama. Nnamdi Azikiwe da NCNC sun fi karkata ga tsakiya mai ƙarfi, don mutanen Gabas sun bazu ko'ina cikin ƙasar suna aiki da ciniki. Aka ja aka ja, kowa ya sassauta. Arewa ta yarda a yi majalisa da ministoci a tsakiya. NCNC ta yarda a lissafa ikon tsakiya ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ba a ambata ba ya zama na jihohi. Aka cire Ikko daga Yamma ta zama ta kowa, aka kuma ƙi yarda da ikon ficewa. Wannan tsari ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1954.

Daga nan aka rarraba ma'aikatan gwamnati da kotuna da hukumomin sayen amfanin gona jiha-jiha. Aka yarda kowace jiha ta karɓi mulkin kanta a lokacin da ta shirya: Gabas da Yamma suka karɓa a 1957, Arewa sai ran 15 ga Maris 1959. Cikin wannan tazara gwamnatin Sardauna ta dage wajen horar da 'yan Arewa da sa su a ofisoshi; Alhaji Isa Kaita, wanda ya zama Wazirin Katsina, shi ne ministan ilmi daga 1957. Aka kuma sami damar shirya dokar laifuffuka ta Arewa da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba tare da an jira yardar Ikko ba, abin da ya kwantar da hankalin malamai da alƙalai ƙwarai. A wajen kuɗi, harajin fitar da gyaɗa da auduga da kirgi ana mayar wa jihar da ta noma su, rabin kuɗin ma'adinai ma na jihar da aka haƙo su ne. A Ikko kuwa wani ɗan Katsina, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, shi ya riƙe ma'aikatar harkokin birnin bayan samun mulkin kai.

Inda tsarin ya gaza

Kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba. Tsarin jihohi uku ya zo da nasa ciwo. Na farko, Arewa ita kaɗai ta fi sauran biyun girma da yawan kujeru, 174 cikin 312 a zaɓen 1959, saboda haka tsoron danniya ya tashi daga Kaduna ya koma Badun da Inugu. Na biyu, cikin kowace jiha akwai ƙananan kabilu masu jin an danne su, kamar Tibi a Arewa da mutanen bakin ruwa a Gabas. Kwamitin Willink ya saurari kukansu a 1957 da 1958 amma bai ba da shawarar ƙara jihohi ba. Na uku, jam'iyyar da ke riƙe da jiha ita ke riƙe da En'e da 'yan doka, 'yan hamayya irin na NEPU ta Malam Aminu Kano kuwa suka sha wuya a hannunsu. Ƙidayar 1962 da 1963 da zaɓen 1964 duk suka zama fagen daga.

Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, Janar Ironsi ya kafa doka mai lamba 34 ran 24 ga Mayu, ya soke jihohi ya haɗe ma'aikata wuri guda. Tsohuwar fargabar 1953 ta farka, tarzoma ta tashi a biranen Arewa, ana kiran a raba, aka yi asarar rayuka masu yawa, galibi mutanen Gabas. A watan Janairu 1967 shugabannin soja suka haɗu a Aburi ta ƙasar Gana, har da Gwamnan Arewa Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagogo. A wannan karo Ojukwu na Gabas ne ya nemi a sassauta ɗauri har ya kusa zama irin na sharuɗɗa takwas. Aka dawo gida aka saɓa a kan fassarar abin da aka yarda. Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya yanka ƙasar jihohi 12, bayan kwana uku Gabas ta ɓalle, aka shiga yaƙin basasa har Janairu 1970.

Maƙwabta ma sun gwada nasu. Senegal da Sudan ta Faransa sun karɓi 'yanci tare da sunan Tarayyar Mali a watan Yuni 1960, amma kafin Agusta ya ƙare sun rabu. Senegal da Gambiya sun ƙulla tarayya mai sako-sako a 1982, ta warware a 1989.

Abin lura

Katsina ta zauna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976, sa'an nan ta sami jiharta ran 23 ga Satumba 1987. Tun 1996 jihohin Nijeriya 36 ne. Ikon da Kaduna ta riƙe a 1960 mafi yawansa ya koma tsakiya: 'yan dokan En'e an narkar da su cikin 'yan sandan Tarayya, tsarin mulkin 1999 ya fito da abubuwa 68 da ya keɓe wa gwamnatin tsakiya, kason jihar da ake haƙo ma'adinai ya tashi daga rabi ya koma abin da bai gaza kashi 13 cikin 100 ba, jihohi da yawa kuwa sai an yi rabon wata a Abuja suke iya biyan albashi.

Abin da Amurka da Nijeriya suka yi tarayya a kai shi ne, mutanen da suka daɗe kowa na gidansa, kuma suka ɗanɗana mulkin wani daga nesa, ba su saurin miƙa linzami ga sabon maigida, ko da ɗan'uwa ne. Sai dai Amurkawa sun ƙara wa tsakiya ƙarfi ta hanyar taro da yardar jihohi, a Nijeriya kuwa dokokin soja suka yi wannan aiki. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar 'yan sandan jihohi, ko rabon haraji, ko wa ke da ikon ma'adinai, tambayar da Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina suka aza a Badun a 1950 ita ce ke dawowa: da wane sharaɗi za a zauna tare? Malamai masu karantar da babin sharika, da attajirai masu aika kaya Legas da Fatakwal, suna da abin faɗa a wannan shawara in an zo yinta.

Tamat.